Wa Ke Yi Wa Jif Ɗinka Juye?

Duk wanda ke halartar ɗaurin aure a manyan masallatan Kano ko Kaduna ko Abuja ya san yadda harabar wurin ke kasancewa: Land Cruiser na bin Prado, Prado na bin Pajero, ga Hilux a gefe, direbobi sun jingina da su suna goge gilashi da tsumma. Masu waɗannan motoci ba ƙananan mutane ba ne. Akwai likita, akwai lauya, akwai darakta a ma'aikata, akwai malamin jami'a, mutanen da ba za su sa hannu a takarda ba sai sun karanta ta layi-layi. Amma da za ka tare ɗaya daga cikinsu ka tambaye shi wane irin baƙin mai ne a cikin injin motarsa, lita nawa take sha, yaushe rabon da a buɗe aksil ɗinta a ga abin da ke ciki, sai ya yi murmushi ya nuna maka direba. Direban kuma zai nuna maka bakanike, bakaniken ya nuna maka yaronsa, wanda shekararsa ɗaya da fara koyon aiki. A ƙarshe dai dukiyar miliyoyin naira, da rayukan iyalin da ke shiga cikinta, suna rataye ne a hannun wannan yaro da sifanarsa.

Ra'ayina, mai karatu, shi ne ƙananan ayyukan kula da irin wannan mota, wato juyen baƙin mai da canjin filta da duba man giya da na aksil da na birki da ruwan lagireto, aiki ne da ya kamata mai motar ya iya da hannunsa. Idan girma ko ciwon baya ya hana shi kwanciya a ƙasa, to ya san aikin ciki da waje, ya tsaya a kai ana yi yana gani. Ban faɗi haka don raina bakanikai ba, zan kuma zo kan haƙƙinsu a gaba. Na faɗa ne domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Bakanike bai san ka ratsa rafi ranar Laraba ba, bai san motar ta kwana uku a cikin rairayi ba, kai ka sani.

Akwai kuma batun aljihu. Tun daga 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin fetur, aka kuma saki naira a watan da ya biyo baya, har dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, sauya mota ya zama mafarki ga ma'aikacin albashi komai girman muƙaminsa. Wanda a da yake cewa idan injin ya buga sai a ɗora wani na Kwatano, yanzu sai ya yi lissafi sau biyu. Motar da ke hannunka ita ce motarka har illa masha Allahu. Bayan aljihu akwai abin da ya fi shi: a halin tsaron da wasu hanyoyinmu suka shiga, mota ta mace wa mutum a dokar daji da la'asar sakaliya ba ƙaramar magana ba ce.

Abin mamaki shi ne kyakkyawan sunan da waɗannan motoci suka yi shi ke jawo musu wulaƙanci. Kamfanin Toyota ya fara ƙera wadda ta zama Land Cruiser a 1951, ya raɗa mata wannan suna a 1954, kuma samfurin 70 da ya fito a 1984 har yau ana ƙera shi, shi ne ma'aikatan lafiya da ƙungiyoyin agaji ke shiga lunguna da shi. Maƙwabtanmu na Chadi sun san ƙarfinta fiye da kowa, domin a 1987 da ɗaruruwan a-kori-kura na Toyota sojojin Hissene Habre suka fatattaki tankokin yaƙin Libiya a Fada da sauran sansanonin arewa, har aka riƙa kiran wannan faɗa Yaƙin Toyota. Daga irin waɗannan labarai ne muka ɗauko karatun cewa motar ba ta mutuwa. Gaskiyar magana tana mutuwa, sai dai tana da haƙuri. Za ta yi shekaru tana cin zalunci ba ta yi ƙorafi ba, ran da za ta tsaya kuwa sai ta tsaya gaba ɗaya.

Mu fara da littafin da ke zuwa da mota, wanda yawancinmu ba mu taɓa buɗewa ba, wanda kuma ana samunsa a intanet idan motar ta hannu ce ta zo babu shi. A cikinsa akwai jadawalin kula iri biyu. Na farko na mai tuƙi ne a kan kwalta mai kyau, cikin iska mai tsabta. Na biyu na abin da suka kira yanayi mai tsanani ne: hanya mai ƙura, jan kaya mai nauyi, gajerun tafiye-tafiye, da barin injin yana aiki mota na tsaye na dogon lokaci. Duk wanda ya karanta wannan jeri zai ga kamar da mu ake. Abin da Bature ko Bajapane ya kira yanayi mai tsanani shi ne ranar Talatarmu ta yau da kullum.

Ɗauki ƙura. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu na kwaso ta daga hamada, mafi yawa daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, wanda busasshen gindin tsohon tafki ne, kuma masana na lissafa shi a matsayin wurin da ya fi ko'ina tayar da ƙura a duniya. Wannan farin gari da ke kwanciya a kan teburinka yana ɗauke da sinadarin da ake samu a yashi da gilashi. Idan ya kutsa cikin injin ya gauraya da mai, sai man ya koma tamkar ruwan wasa wuƙa, yana cin ringi da bangon silinda a hankali. Ɗauki zafi: a Afrilu, Sakkwato da Maiduguri da Yola kan haura digiri 40, zafi kuwa shi ke tsufar da mai. Ɗauki man da muke sha. Shekaru da dama dokar Nijeriya ta yarda da man gas mai ɗauke da farar wuta har kashi 3,000 cikin miliyan, alhali Turai ta tsaya a kan 10 tun 2009, abin da wata ƙungiyar ƙasar Suwizalan mai suna Public Eye ta fallasa a rahotonta na 2016, kafin ƙasashen ECOWAS su amince da 50 a 2020. Farar wuta idan ta ƙone tana zama tsami a cikin baƙin mai. Ba mu kuma manta da gurɓataccen fetur mai yawan sinadarin metanol da aka shigo da shi a Fabrairun 2022 ba. Sannan ga ɗabi'armu ta barin direba a mota awa biyu da na'urar sanyi a kunne, oga na cikin taro. Injin na aiki, mai na tsufa, agogon kilomita bai motsa ba.

Saboda haka ni ba na wuce kilomita 5,000 ko wata shida, duk wanda ya riga zuwa, ko da kuwa an rubuta 10,000 a jikin galan. Masu motocin da aka shigo da su daga Amurka su lura, agogonsu mil yake ƙirgawa. Kilomita 5,000 mil 3,100 ne da 'yan kai. Wanda ya jira agogonsa ya nuna 5,000 ya riga ya yi kilomita 8,000.

Sai zaɓen man kansa, kuma a nan ne aka fi tafka ɓarna. Lambobin da ke jikin galan, irin su 5W-30 da 15W-40 da 20W-50, kaurin mai suke nunawa. Lambar farko kaurinsa ce lokacin da injin ke da sanyi, ta biyu kuma lokacin da ya ɗauki zafi. Akwai karatun da ya zauna a garejinmu cewa ƙasarmu da zafi, don haka mai kauri shi ne mai kyau, kowace mota a ɗura mata 20W-50. Wannan karatu ya samo asali ne daga zamanin Fijo 504 da Bitil, ya kuma yi daidai a lokacinsa. Injinan yanzu ƙofofin mansu ƙanana ne, wasu ma da matsin mai suke sarrafa buɗewa da rufewar bawul. Idan ka zuba musu mai kauri fiye da ƙima, da asuba a cikin sanyin Janairu na Jos ko Funtuwa sai ya ɗauki lokaci kafin ya hau saman injin, a waɗannan 'yan daƙiƙoƙi kuwa ƙarfe ke cin ƙarfe. Abin da littafin motarka ya ce shi za ka bi. Tsohon injin gas mai silinda shida na Land Cruiser yana jin daɗin 15W-40, sababbin injinan fetur kuwa galibi mai marar kauri suke so. Bayan kauri akwai daraja, wadda ake rubutawa da haruffa: na fetur suna farawa da S, kamar SL da SN da SP, na gas da C, kamar CH-4 da CI-4. Gwargwadon nisan harafi na biyu, gwargwadon sabuntar man.

Duk wannan lissafi banza ne idan abin da ke cikin galan ba shi ne aka rubuta a jikinsa ba. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya ta sha kama jabun baƙin mai a kasuwanninmu, wani ɗanyen mai ne da ba a sa masa sinadaran kariya ba, wani kuma tsoho ne da aka tace aka mayar a galan mai kyau. Man kwalba da ake jerawa a bakin titi kuwa, ko babur ba na so a zuba wa. Araha ba ta ado. Ina sayen nawa a gidan mai ko wurin dillalin kamfani, in duba hatimin murfi, in karɓi rasit. Mutum ya kuma san lita nawa injinsa ke sha. Galan ɗinmu lita 4 ne ko 5. Injin fetur na Prado mai lita 4.0 yana shan tsakanin lita 5 da 6 da 'yan kai gwargwadon shekararsa, tsohon injin gas mai lita 4.2 kuwa yana neman kusan 10. Wanda ya miƙa wa direba kuɗin galan ɗaya ya ce a je a yi juye, shi ya san da me aka cike sauran.

Aikin kansa bai kai yadda ake tsoronsa ba, ni da safiyar Asabar nake yi kafin rana ta yi zafi, kuma ba ya cin awa guda. Alherin jif shi ne tsayinta, sau da yawa mutum zai shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashinta ba tare da jak ba. Idan ta kama sai an ɗaga, to a sa mata ƙafafun ƙarfe na tokare mota. Jak na ɗagawa ne, ba na riƙewa ba, bulo kuma yana farfashewa ba sallama. A ajiye ta a wuri mai daidai, a ja birkin hannu, a tokare tayoyi. A kunna injin minti biyar zuwa goma don man ya yi ɗumi ya saki jiki, sannan a kashe. A kwance farantin ƙarfen da ke kare cikin motar idan akwai, a tara roba mai faɗi, a kwance notin ƙasan injin, wanda a yawancin motocin Toyota sifana mai lamba 14 ke kamawa. A bar shi ya tsiyaye har ya koma ɗigo.

A nan ne mai mota ke samun abin da ba zai taɓa samu ba idan aike ya yi. Ka ɗauki robar ka fito da ita rana ka duba. Baƙi kawai ba laifi ba ne, man injin gas ma yakan yi baƙi cikin kwana biyu. Amma idan ka ga ƙyalli-ƙyalli kamar an barbaɗa garin ƙarfe, wani abu na cinyewa a ciki. Idan ya yi kalar shayi da madara, ruwa ya shiga, wataƙila gasket ɗin kan injin ya ƙone. Idan yana warin fetur ya kuma tsinke kamar ruwa, mai na zubowa inda bai kamata ba. Injin yana ba da labarin lafiyarsa a cikin wannan roba kamar yadda jini ke ba likita labari, amma a gareji robar gefe ake turawa da ƙafa.

Daga nan a kwance tsohuwar filta, a tabbata zoben robarta ya fito tare da ita, domin idan ya manne aka ɗora sabuwa a kansa, man zai tsiyaye a hanya cikin 'yan mintoci. A shafa ɗan sabon mai a zoben sabuwar, a murɗa ta da hannu har ta zauna, a ƙara kamar kashi uku cikin huɗu na zagaye, shi ke nan. A sa wa notin ƙasa sabon washa, a ɗaure shi daidai ba tare da an hau sifana da ƙafa ba, don zaren da ke wurin idan ya lalace aiki ya koma babba. A zuba mai, a kunna, a leƙa ƙasa a ga ko akwai yoyo, a kashe, a jira minti biyar, a zaro sandar gwaji. Tsakanin alamomi biyu ake so, kusa da ta sama. Wuce alama ba ƙauna ba ce, man da ya yi yawa kumfa yake yi.

Filtar iska ba ta buƙatar ko sifana, amma a ƙasar hunturu ita ce mai gadin ƙofa. Ina buɗe tawa duk bayan mako biyu a lokacin ƙura, in kaɗe ta a hankali, in goge cikin akwatinta da ɗanyen tsumma. Abin da ba na yarda da shi shi ne a kai ta wurin mai faci a hura mata iska mai ƙarfi, domin takarda ce, iskar na huda ta da ƙananan ƙofofin da ido ba ya gani, ta fito fes alhali ta zama rariya. Wanke ta da ruwa ko fetur ya fi wannan muni. Idan ka ɗaga ta ga rana haske bai ratso ba, ko ka ga ƙura a bututun da ke bayanta, ta gama aiki. Masu injin gas kuma su tuna da ɗan kofin da ke ƙasan filtar gas, inda ruwa ke taruwa. Akwai ɗan famfo a gindinsa da ake murɗawa a zubar.

Yanzu ga inda jif ta bambanta da ƙaramar mota, inda kuma kusan kowa ya yi sakaci. A ƙarƙashinta akwai tukwanen mai har huɗu bayan na injin: akwatin giya, akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin tayoyin gaba da na baya, wanda a gareji ake kira ogzileri, sai aksil na gaba da aksil na baya. Na san motocin da suka shekara goma a ƙasar nan ana yi musu juye a kan kari, amma ba a taɓa kwance notin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, sai ran da aka ji baya na kuka kamar ana busa sarewa. Man nan ba ya ƙonewa kamar na injin, don haka yana daɗewa, wajen kilomita 40,000 a irin hanyoyinmu. Babban abokin gabarsa ruwa ne. Kowane aksil yana da ɗan hanci a samansa da yake numfashi da shi. Ka yi tafiyar awa uku ƙarfe ya ɗauki zafi, ka zo ka faɗa rafi a watan Agusta, a fadamun Haɗeja da Nguru ko a wata mashigar ƙauye da gada ta karye. Ƙarfen na shan sanyi iskar ciki sai ta tsuke, aksil ya zuƙo ruwa ta hancin nan ko ta bakin roba. Ka haye lafiya, kowa ya yaba wa mota, amma ka tafi da rafi a cikinta. Bayan wata biyu haƙoran ƙarfe sun yi tsatsa. Duk motar da ruwa ya kai wa tsakiyar taya, a buɗe aksil a duba a cikin makon. Waɗanda motocinsu suka nutse a ambaliyar Maiduguri ta Satumbar 2024, bayan ɓallewar madatsar Alau, sun ga aikin ruwa a cikin ƙarfe da idonsu.

Ƙa'ida ɗaya ce a wannan aiki wadda ba a karya ta: a fara kwance notin zubawa na sama kafin na tsiyayewa na ƙasa. Idan ka zubar da mai sannan ka tarar na sama ya ƙi kwantuwa, ka zauna da motar da ba ta motsi. Notin ƙasa yana da maganaɗisu, za ka gan shi da laushin baƙin gari, wannan ba komai. Ɓarɓashi mai kaifi shi ne abin tsoro. Ana ɗura sabo da ɗan famfon hannu har sai ya fara dawowa ta ƙofar, nan ne cikarsa. Aksil na son mai lamba GL-5, kauri 80W-90 ko 75W-90 ko abin da littafi ya ce, wasu akwatunan giyar hannu kuma GL-4 suke so saboda zoben tagulla da ke cikinsu. Tunda an riga an kwanta a ƙasa, sai a bi furofela da famfon giris, a cika kowane ɗan nono har sabon giris ya turo tsohon. Motocin da sai an sa musu ogzileri da hannu, irin su Hilux, littafinsu ya ce a riƙa sa shi ana tafiyar kamar kilomita 16 kowane wata don mai ya zagaya. A yi hakan a kan turɓaya, ba a kan busasshiyar kwalta ba. Akwai jif da yawa a Maitama da Nasarawa da ba su taɓa jin wannan giya ba tun da aka sauke su daga jirgi, ran da aka neme ta a rairayin Yusufari sai ta ce ba ta san zancen ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Lagireto kuwa mun mayar da shi randa. Ruwan rijiya, ruwan burtsatse, ruwan leda, duk wanda ya samu. Muna cewa ai ruwan kalar nan na ƙasashen ƙanƙara ne, mu me ya haɗa mu da shi. Hana daskarewa ɗaya ne kawai daga cikin ayyukansa. Yana hana tsatsa, yana kare alminiyon da aka yi kan injin da shi, yana kuma ɗaga matakin tafasa, ta yadda tare da matsin murfin lagireto ruwan zai haura digiri 120 bai tafasa ba. Ruwan burtsatse yana barin farin dutse a cikin ƙananan bututu, irin wanda kake gani a gindin butar shayi. Na Toyota mai ruwan hoda, wanda ke zuwa a haɗe, an tsara shi ya yi kilomita 160,000 a zubin farko, sannan 80,000 a kowane zubi na gaba. Wanda ba a haɗe yake ba, da tataccen ruwa irin na batir ake gauraya shi, rabi da rabi. Kada a buɗe murfi injin na da zafi, ya ƙona fuskoki da yawa. Kada kuma a bar tsohon ruwan a buɗe a tsakar gida, domin zaƙi gare shi kuma guba ne, yaro ko akuya na iya sha. Game da al'adar cire tamostat da zarar mota ta shigo ƙasar, wai don kada ta yi zafi, ni dai ban yarda a taɓa tawa ba. Injin da ba ya kai zafin da aka tsara masa ya fi shan mai, ya fi saurin lalacewa, ainihin abin da ke sa shi zafi kuma, toshewar lagireto ko mataccen fanka, yana nan ba a taɓa shi ba.

Man birki shi ne wanda sakacinsa ba ya tsayawa a kan aljihu. Ɗabi'arsa ce shan danshi daga iska. Sabon DOT 3 ba ya tafasa sai a digiri 205, DOT 4 a 230, amma idan suka sha ruwa sai su sauko wajen 140 da 155. A cikin gari ba za ka taɓa lura ba. Sai ran da ka je Gembu, kana gangarowa daga tsaunin Mambila zuwa Mayo Selbe da mota mai nauyin fiye da tan biyu, cike da mutane da buhunan kaya, ƙafarka a kan birki kwana bayan kwana. Zafi ya taru, ruwan da ke cikin man ya zama tururi, ka taka ka ji feda ta tafi ƙasa babu komai. Shi ya sa ake canja shi duk shekara biyu ko da mota ba ta yi tafiya ba, shi ya sa kuma ake gangara dutse da ƙaramar giya. A sayi ƙaramin gwangwani a rufe, kada a ajiye ragowa. Idan ka ga ya ragu a kofinsa, kada ka cika ka yi shiru, ko dai takalman birki sun cinye ko akwai yoyo. Kuma kada wani mai, na injin ko na giya, ya kusanci kofin nan, yana kumbura robobin birki gaba ɗaya.

Da muguwar rawa gara ƙin tashi, don haka akwai ayyukan da ba na sa hannu. Fitar da iska daga birkin manyan jif masu famfon lantarki yana da tsarinsa, wani sa'in har da kwamfuta. Giya mai canja kanta ta sababbin motoci ba ta da sandar gwaji, ana auna manta ne a wani ƙayyadadden zafi, kuma ba ta karɓar kowane jan mai sai nata. Bel ɗin da ke daidaita bugun injin, a injinan da ke da shi, ana canja shi tsakanin kilomita 100,000 da 150,000, kuskuren haƙori ɗaya kuma na iya jawo asara. Waɗannan na ƙwararren bakanike ne, a kuma biya shi haƙƙinsa da daraja. Mu ne muke zuwa da motar miliyan hamsin muna cinikin ladan aiki kamar muna sayen tumatir, sannan mu yi mamaki idan ya bar wa yaro. Na lura tun da na fara zuwa gareji da littafina a hannu, wanda nake rubuta kwanan wata da kilomita da irin man da aka zuba da abin da na gani a cikin tsohon, hirarmu da bakanikena ta canja. Ya daina ce mini “Alhaji, sai dai a buɗe a gani.” Tare muke zama mu yi lissafin inda ciwon yake, kuma shi kansa ya fi jin daɗin hakan.

Kayan aikin ba su da yawa: saitin sifana da soket, abin kwance filta, mazurari, roba, famfon giris da na man aksil, safar hannu. A Ƙofar Ruwa ko Panteka mutum zai haɗa su a yini ɗaya, kuɗinsu kuma bai kai na taya guda ba.

Saura tsohon man da ke cikin roba. A unguwanninmu ana tuttula shi a kwata wai don sauro, ana zuba shi a masai, wasu har shafa wa dabbobi suke yi don ƙazuwa. Man da ya fito daga injin yana ɗauke da ƙarafa masu guba da sinadaran da ke jawo ciwon daji a fata idan ana yawan cuɗanya da su, abin da aka zuba a ƙasa kuwa yana gangarawa ne zuwa ruwan da rijiyoyin unguwa ke sha. Ina juye nawa a jarka mai murfi, in kai wurin masu juye na gidan mai inda suke tara nasu a duro. Galan ɗin da ya zama fanko kuma ba na bayarwa ko an roƙa, domin da irinsa masu jabu ke kasuwanci. Wuƙa nake sawa in farke gindinsa kafin ya shiga shara.